Masana'antu na ƙara kaya, suna rage ma'aikata: ina ayyukan suka tafi?

A watan Afrilun 2025 gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba sabon harajin shigo da kaya a kan kusan duk ƙasashen da take ciniki da su. Hujjar da ta fi nanatawa ita ce masana'antu za su dawo gida, ayyukan yi kuma su biyo bayansu. Kafin nan, a ƙarshen Satumban 2024, kamfanin Tata Steel ya kashe tanderunsa na ƙarshe na narka tama a garin Port Talbot na Birtaniya, cikin wani shiri da ya shafi ayyuka kusan 2,800. Kamfanin bai bar harkar ƙarfe a garin ba. Sabon tanderu mai aiki da lantarki zai gina, wanda mutane kaɗan sun isa su tafiyar da shi. Su ma ma'aikatan ofis, da a da suke ganin wannan matsala ta leburorin masana'anta ce kawai, sun shiga zullumi tun fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) mai rubutu da amsa tambayoyi, a Nuwamban 2022.

Mai bin labarai yakan ji bayani iri uku masu karo da juna. Wasu sun ce China ce ta kwashe ayyukan. Wasu sun ce injina ne. Wasu kuma sun ce ba abin tayar da hankali, duk aikin da ya mutu wani zai maye gurbinsa. Kowane ɓangare yana da ƙididdigar da yake kafa hujja da ita, kuma galibi ƙididdigar gaskiya ce. Ruɗanin yana zuwa ne daga cuɗa tambayoyi uku wuri guda: kaya nawa ake ƙerawa, mutum nawa ke ƙera su, sannan wane irin aiki ya rage wa wanda aka sallama.

Abin da ake nufi da ja da bayan masana'antu

Masana tattalin arziki suna auna shi ta hanya uku. Akwai yawan mutanen da ke aiki a masana'antu. Akwai kason da suka ɗauka cikin dukkan ma'aikatan ƙasa. Akwai kuma darajar da masana'antu suka ƙara a kan ɗanyen kayan da suka saya, idan aka gwada ta da dukkan abin da ƙasa ta samar a shekara. Waɗannan ma'aunai ba dole su tafi tare ba. Ana samun ƙasar da ma'aikatan masana'antunta ke raguwa shekara bayan shekara, alhali kayan da ke fita daga ƙofofin masana'antun ƙaruwa suke yi.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne, kowace sana'a tarin ƙananan ayyuka ce. Mai zama a kantar banki yana ƙirga kuɗi, yana tantance mai asusu, yana sauraron ƙorafi, yana yi wa abokin hulɗa bayanin rance. Ba kasafai inji ke haɗiye sana'a gaba ɗayanta ba. Yakan ɗauke ɗaya ko biyu daga cikin ƙananan ayyukan, sai a sake tsara sauran. Makomar ma'aikacin ta dogara ne da abin da aka bar masa: idan ragowar aikin na buƙatar ƙwarewa, darajarsa ta ƙaru, idan kowa zai iya yi bayan horon kwana biyu, albashinsa ya kama hanyar faɗuwa.

Abin da ƙididdiga ta nuna

A Amurka, ma'aikatan masana'antu sun kai ƙololuwa a 1979, wajen miliyan 19 da rabi, kimanin kashi 22 cikin ɗari na masu aikin da ba noma ba. Daga nan har zuwa 2000 raguwar ba ta da yawa, suna nan wajen miliyan 17. Faɗuwar gaske ta zo ne cikin shekara goma da suka biyo baya: zuwa 2010 sun koma wajen miliyan 11 da rabi. Sun ɗan farfaɗo, amma har yau ba su kai miliyan 13 ba, kimanin kashi 8 cikin ɗari. Birtaniya ta fara wannan tafiya tun da wuri, daga kusan miliyan tara a tsakiyar shekarun 1960 zuwa ƙasa da miliyan uku a yau. Jamus da Japan, duk da sun shahara da sayar wa duniya motoci da injina, kason ma'aikatan masana'antunsu ya ragu sosai tun shekarun 1970. Wannan yana da muhimmanci ga muhawarar, domin ya nuna ko ƙasar da ke sayarwa fiye da yadda take saye ba ta tsira ba.

Dalilan

Na farko kuma mafi tsufa shi ne mutum ɗaya yana iya samar da abin da a da sai mutum biyar. Harkar ƙarfe ta fi nuna haka a fili. A tsohuwar hanya, sai an gasa kwal a rufaffen tanderu, an shirya tama, an zuba su tare da dutsen farar ƙasa cikin ƙaton tanderu, an hura iska mai tsananin zafi har narkakken ƙarfe ya taru a ƙasa, sannan a kai shi wani tanderun a hura masa iskar oksijin don rage gawayin da ke cikinsa. Kowane mataki yana da sashensa, da masu kula da shi dare da rana, domin ƙaton tanderun ba a kashe shi. A sabuwar hanya, tsofaffin ƙarafa irin su gawar mota ake lodawa cikin tanderu, a sauke sanduna uku masu ɗauke da lantarki, cikin kamar sa'a guda komai ya narke. Sashen gasa kwal da na shirya tama sun tafi ke nan, da ma'aikatansu. Wani bincike na Allan Collard-Wexler da Jan De Loecker ya nuna tsakanin 1962 da 2005 masana'antar ƙarfe ta Amurka ta rage kusan kashi 75 cikin ɗari na ma'aikatanta, mutum wajen 400,000, alhali yawan ƙarfen da take fitarwa bai canja sosai ba.

Na biyu, abin da mutane ke kashe kuɗi a kai yana sauyawa yayin da suke samun wadata. Iyalin da kuɗin shigarsu ya ninka ba su sayen firji huɗu. Ƙarin kuɗin yana tafiya ne ga asibiti, makaranta, tafiye-tafiye da kula da tsofaffi. Kuma da yake kayan masana'anta suna araha saboda injina, alhali jinya da koyarwa har yanzu sai mutum ya tsaya a kansu, kason masana'antu cikin kuɗin da ake kashewa yana ƙara ƙanƙancewa.

Na uku shi ne ciniki tsakanin ƙasashe, kuma nan ma fasaha ce ta share hanya. A Afrilun 1956 jirgin ruwan Ideal X na Malcom McLean ya tashi daga Newark zuwa Houston da kwantena 58. Kafin kwantena, da hannu ake loda kaya buhu-buhu, jirgi ya yi kwanaki a tasha. Da kuɗin dako ya faɗi, waya da intanet kuma suka ba kamfani damar lura da masana'antar da ke wata nahiya, sai ya zama ana iya zana kaya a ƙasa ɗaya, a ƙera sassansa a wasu uku, a harhaɗa a inda ƙwadago ya fi araha. China ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Disamban 2001, kuma yanzu tana samar da kusan kashi 30 cikin ɗari na kayan masana'antun duniya.

Akwai wani ɓangare ƙarami da rubutu ne kawai ya canja. Mai gadi, mai shara da mai dafa abinci da a da masana'anta ke ɗauka da kanta, yanzu kamfanin kwangila ke kawo su. Suna aiki a wuri guda, amma a ƙididdiga sun koma ɓangaren hidima, kuma galibi da ƙaramin albashi.

Injina ne ko China?

Shekaru da dama yawancin masana sun karkata ga injina. Hujjarsu ita ce kayan da masana'antun Amurka ke fitarwa sun ci gaba da ƙaruwa yayin da ma'aikata ke raguwa. Susan Houseman ta Cibiyar Upjohn ta ƙalubalanci wannan. Ta nuna idan aka cire ɓangaren kwamfuta da kayan lantarki, ƙaruwar ta ragu ƙwarai, domin masu ƙididdiga suna lissafa kwamfutar da ta fi ta bara sauri a matsayin ƙarin kaya, ko da yawan kwamfutocin bai ƙaru ba.

A 2013 David Autor da David Dorn da Gordon Hanson suka bi yankunan Amurka ɗaya bayan ɗaya, suka gwada waɗanda ke ƙera irin kayan da China ta fara shigowa da su, kamar kujeru, tufafi, takalma da kayan wasan yara, da waɗanda ba su ƙera su. Yankunan farko sun yi asarar ayyuka fiye da kima, kuma mutanen ba su yi ƙaura zuwa inda ake da aiki kamar yadda aka zata ba. Da yawa sun daina neman aiki ko sun koma karɓar tallafin naƙasa. Wani bincike da ya biyo baya a 2016 ya ƙiyasta asarar ayyuka miliyan 2 zuwa 2.4 tsakanin 1999 da 2011, idan aka haɗa da masu kawo wa masana'antun kaya da shagunan da ke cin albarkacinsu.

A ɗaya ɓangaren, Daron Acemoglu da Pascual Restrepo sun gano tsakanin 1990 da 2007 kowane ƙarin mutum-mutumin masana'anta ɗaya a Amurka ya zo da asarar ayyuka wajen uku. A Jamus kuwa, Wolfgang Dauth da abokan aikinsa sun samu kowane mutum-mutumi ya rage ayyukan masana'anta wajen biyu, amma ɓangaren hidima ya cike giɓin. Wani abin lura a binciken Jamus shi ne ba a cika korar waɗanda ke kan aiki ba. Kamfanoni sun riƙe su, suka sauya musu aiki, suka rage ɗaukar matasa.

Idan aka haɗa waɗannan, abin da ya fi dacewa da hujjojin shi ne: ƙaruwar abin da mutum ɗaya ke iya samarwa ita ce ke jan kason masana'antu ƙasa sannu a hankali a kusan dukkan ƙasashe masu arziki, ciniki da China kuma shi ya sa faɗuwar bayan 2000 ta zo da sauri ta taru a wasu garuruwa. Ita kanta China ba ta tsaya ga ƙwadago mai araha ba. Tun 2021 ana kafa sababbin mutum-mutumin masana'anta sama da 500,000 a duniya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu a China ne.

Abin da inji ke iya yi, da inda yake cijewa

Mutum-mutumin masana'anta galibi hannu ne na ƙarfe mai gaɓoɓi shida da aka kafe a ƙasa. Na farko, Unimate, ya fara aiki a 1961 a wata masana'antar General Motors a New Jersey, yana ɗauko sassa masu zafi daga injin zubi. Irin wannan hannu yana son abu uku: kayan da ba su lanƙwashewa, wurin da ba ya canjawa, da aikin da za a maimaita dubban sau. Shi ya sa walda da fentin jikin mota suka koma hannun injina da wuri, amma shimfiɗa wayoyi da ɗaura kujeru a ƙarshen layi har yanzu mutane ne suka fi yi.

Sayen hannun ba shi ne babban kashin kuɗin ba. Sai an ƙera masa abin kamu da ya dace da kayan, an yi madafar da za ta riƙe kayan a wuri ɗaya daidai wa daida, an kewaye shi da shinge da na'urorin tsayar da shi idan mutum ya matso, an rubuta masa umarni, an horar da mai gyara. Sau da yawa waɗannan sun fi hannun tsada. Idan sassan da ake kawowa sun bambanta da ɗan kaɗan, sai layi ya tsaya. Idan aka canja samfurin kaya, sai a sake madafa da umarni. Don haka ƙaramin kamfani mai yin kaya iri-iri kaɗan-kaɗan yakan ga lissafin bai fita ba.

Ɗinki shi ne misalin da ya fi fito da iyakar inji. Yadi yana miƙewa, yana naɗewa, yana zamewa, kuma mai ɗinki yana gyara shi da yatsu a kowane daƙiƙa ba tare da ya yi tunani ba. Yanka yadi da saƙa sun koma na inji tuntuni, amma haɗa riga har yanzu mutum ne a gaban keke, shi ya sa Bangladesh ke da ma'aikatan tufafi wajen miliyan huɗu. Kamfanin Adidas ya gwada masana'antun takalma da injina ke yin mafi yawan aikinsu a Ansbach ta Jamus da kusa da Atlanta ta Amurka, amma a 2019 ya sanar da rufe su, ya mayar da fasahar ga masu yi masa kaya a Asiya.

Wani lokaci kuma inji yana ƙara ayyuka kafin ya rage su. James Bessen ya nuna tsakanin 1988 da 2004 na'urar cirar kuɗi ta ATM ta rage masu zama a kanta a kowane reshen banki na biranen Amurka daga wajen 20 zuwa 13. Amma da buɗe reshe ya yi araha, rassan suka ƙaru da kashi 43 cikin ɗari, jimillar ma'aikatan ba ta faɗi ba. Sai bayan 2010, da hulɗa da banki ta koma kan wayar hannu, aikin ya fara raguwa da gaske.

Ayyukan tsakiya ne suka zaizaye

Masu cewa sababbin ayyuka na fitowa suna da gaskiya. Autor da abokan bincikensa sun ƙiyasta kusan kashi 60 cikin ɗari na ma'aikatan Amurka a 2018 suna sana'o'in da babu sunansu a 1940. Matsalar tana ga inda sababbin ayyukan suka faɗa. Tun shekarun 1980 ƙaruwar ta fi yawa a sama, wajen injiniyoyi, likitoci da masu rubuta manhaja, da kuma a ƙasa, wajen masu kula da tsofaffi, masu kai saƙo da ma'aikatan rumbunan ajiya. Ayyukan tsakiya masu bin ƙa'ida ɗaya kullum, irin na mai sarrafa inji, akawu da mai buga takardu, su ne kwamfuta ta fi saurin koya.

Abin da mutane ke kewa a aikin masana'anta ba hayaƙi da ƙarar inji ba ne. Aiki ne da wanda bai yi jami'a ba zai samu, da albashin riƙe iyali, da fansho, da ƙungiyar ƙwadago da ke ciniki a madadinsa. Dubban mutane a rufi ɗaya suna da sauƙin haɗa kai, kuma yajin aikinsu yana tsayar da injina masu tsada. Direbobi da masu kai kaya da ke karɓar aiki ta manhaja a warwatse suke, kamfanin kuma yana kiransu masu zaman kansu, don haka babu mafi ƙarancin albashi ko hutun da ake biya. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber, kamfanin da ke haɗa direba da fasinja ta manhaja, waɗanda suka kai ƙara, ma'aikata ne da suka cancanci waɗannan haƙƙoƙi. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da doka a kan irin wannan aiki, ta ba ƙasashenta shekara biyu su shigar da ita cikin dokokinsu. Kamfanonin na cewa tsaurara doka zai rage sassaucin da direbobi da yawa ke so, ya kuma ƙara wa fasinja kuɗi.

Ƙasashen da ba su gama hawa ba suka fara sauka

Ga ƙasashe masu tasowa lamarin ya fi nauyi. Dani Rodrik na Jami'ar Harvard ya nuna a Birtaniya, Sweden da Italiya kason ma'aikatan masana'antu ya fara sauka ne bayan kuɗin shigar mutum ya kai wajen dala 14,000 a shekara, da darajar dalar 1990. Indiya da ƙasashen Afirka da dama kudu da Sahara sun kai nasu ƙololuwar tun kuɗin shiga yana wajen dala 700. Koriya ta Kudu ta kai kusan kashi 28 cikin ɗari a ƙarshen shekarun 1980, Indiya kuwa a wajen kashi 13 ta tsaya.

Masana'anta ita ce ta ɗauki manomin da bai yi karatu mai zurfi ba a Turai da gabashin Asiya, ta ninka abin da yake samarwa, ta sayar da kayan a kasuwar duniya da ba ta da iyakar kasuwar gida. Yanzu mai shigowa sai ya yi gogayya da China, kuma masu saye na neman ingancin da sai da injina da tsayayyiyar lantarki ake samu. Wanda ya baro gona yakan ƙare a ƙaramin talla ko aikin da ba rajista a birni. Wasu masana na ganin ayyukan hidima da ake sayarwa waje za su maye gurbi, suna nuni da kamfanonin manhaja na Indiya da cibiyoyin amsa kira na Philippines masu ɗaukar sama da mutum miliyan ɗaya. Masu ja da su na cewa waɗannan na masu takardar makaranta ne. Vietnam da Bangladesh dai sun nuna ƙofar masana'anta ba ta rufe ruf ba, ta ƙuntata ne.

Ƙirƙirarriyar basira

Hasashe a nan ya sha bamban. A 2013 Carl Frey da Michael Osborne na Oxford suka ce kashi 47 cikin ɗari na ayyukan Amurka na cikin babban haɗarin komawa hannun na'urori. A 2016 masu bincike na ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, suka sake lissafin bisa ƙananan ayyukan da ke cikin kowace sana'a, suka samu kashi 9. A Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce ƙirƙirarriyar basira za ta taɓa kusan kashi 40 na ayyukan duniya, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a matalauta. Asusun ya fayyace cewa taɓawa ba kora ba ce, wasu ayyukan sauƙi za su samu. Wani bincike na 2023 a kan masu amsa ƙorafin abokan ciniki sama da 5,000 ya nuna manhajar ƙirƙirarriyar basira da aka ba su ta ƙara yawan ƙorafin da suke warwarewa da kashi 14 cikin ɗari, sababbin shiga kuma da kashi 34. Bambancinta da mutum-mutumi shi ne ba ta buƙatar shinge ko madafa, rajista kawai ake yi, don haka tana iya bazuwa da sauri, kuma rubutu, fassara, lissafi da zane take taɓawa.

Magungunan da ake gwadawa

Masu goyon bayan haraji da tallafi suna da hujjoji masu nauyi. Annobar korona ta nuna haɗarin dogaro da waje a kayan asibiti. Mafi yawan ƙwaƙwalwar kwamfuta masu inganci a Taiwan ake yin su. Ƙwarewar ƙira kuma takan bi masana'anta duk inda ta koma. A kan haka Amurka ta ware wajen dala biliyan 52 a dokar CHIPS ta 2022, don tallafa wa ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta a gida. Sai dai tsaron ƙasa daban, samar da ayyuka daban. Harajin da Amurka ta sa wa injinan wanki da ake shigowa da su a 2018 ya samar da ayyuka wajen 1,800, amma masu saye sun biya ƙarin kusan dala biliyan ɗaya da rabi a shekara, wato wajen dala 815,000 kan kowane aiki. Harajin ƙarfe na kare masu narka shi, yana ƙara wa masu sayensa tsada, kuma masu aiki a kamfanonin da ke amfani da ƙarfe sun ninka masu narka shi sau da yawa. A 2017 Foxconn, kamfanin Taiwan mai harhaɗa kayan lantarki, ya yi alkawarin ayyuka 13,000 a jihar Wisconsin ta Amurka a madadin tallafin gwamnatin jihar, a 2021 aka sake yarjejeniyar a kan 1,454. Duk lokacin da aka sanar da sabuwar masana'anta, yana da kyau a raba ayyukan gini na wucin gadi da na dindindin, a kuma raba kuɗin tallafin da adadin na dindindin ɗin.

Sake horar da ma'aikata kowa na yabonsa, amma sakamakonsa gauraye ne. Wani nazari na 2012 a kan shirin Amurka na taimakon waɗanda ciniki ya raba da aiki ya samu bayan shekara huɗu mahalarta ba su kai takwarorinsu samun kuɗi ba. Inda ake samun tangarɗa sananne ne: a zaɓi kwas ba tare da an tambayi masu ɗaukar aiki ba, tallafi ya ƙare kafin karatu ya ƙare, ko aikin da aka koya ya kasance a wani gari alhali gidan mutum ya faɗi daraja ba ya sayuwa. Shirye-shiryen da suka fi tasiri, irin su Project QUEST a San Antonio, suna farawa ne da gurbin da asibiti ko kamfani ke nema, sannan su ɗauki nauyin sufuri da renon yara har a gama.

Saurin sauyin ma yana da tasiri. Birtaniya ta rufe yawancin mahaƙar kwal cikin 'yan shekaru bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985. Jamus, mai ma'aikatan haƙar kwal na ƙarƙashin ƙasa wajen 600,000 a 1957, ta ja abin har Disamban 2018, da ritayar wuri da gina jami'o'i irin ta Bochum a yankin Ruhr. Ya ci kuɗi masu yawa, kuma rashin aiki a garuruwa irin su Gelsenkirchen har yanzu ya fi na sauran ƙasar, amma ba a watsar da mahaƙan a titi ba. Denmark ta ɗauki wata hanya: sallama ba wuya, amma wanda ke cikin asusun inshorar rashin aiki yana iya karɓar har kashi 90 cikin ɗari na albashinsa, da iyakar da aka ƙayyade, na tsawon shekara biyu, muddin yana neman aiki ko horo.

Wa ke biya, wa ke amfana

Ribar wannan sauyi a bazu take: tufafi, talabijin da wayoyi sun yi araha ga kowa, har da masu ƙaramin ƙarfi. Asarar kuwa a tare take. Binciken Louis Jacobson da abokansa na 1993 a Pennsylvania ya nuna ma'aikatan da suka daɗe a kamfani aka sallame su cikin taro suna samun kusan kashi 25 cikin ɗari ƙasa da da, ko bayan shekara biyar, domin ƙwarewarsu ta wannan injin ce da wannan kamfanin. Garin ma yana bin su: harajin da ake tarawa ya ragu, makarantu da tituna su lalace, masu hali su tashi. Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka mai mutum miliyan 1.85 a 1950, ta koma wajen 640,000 a 2020, ta kuma shiga kotun fatara a 2013, ko da yake ƙaura zuwa unguwannin kewaye ma ta taka rawa.

Ga mai aiki a yanzu, abin dubawa shi ne nawa ne cikin aikinsa na yau da kullum za a iya rubutawa a matsayin umarni mataki-mataki. Wannan kason shi ne ke fara tafiya. Gano abin da ya lalace a inji, aiki da hannu a wurin da ba shi da tsari ɗaya, da ɗaukar alhakin hukunci sun fi daɗewa, shi ya sa masana'antun da suka rage leburori suke kukan ƙarancin masu gyaran lantarki da injina.

Matasa ne ke cikin yanayi mafi sarƙaƙiya. Kamar yadda binciken Jamus ya nuna, kamfani na iya rage ma'aikata ba tare da ya kori kowa ba, ya daina ɗauka kawai, kuma irin wannan ba ya fitowa a kanun labarai. Ƙananan ayyukan da na'ura ke fara ɗaukewa, kamar tsara takardu, rubuta daftarin farko da duba lissafi, su ne waɗanda sabon shiga ke koyon sana'a da su. Ƙasashe irin su Jamus da Switzerland, inda matashi ke raba makonsa tsakanin makaranta da kamfani yana karɓar alawus, suna da hanyar da ta riga ta ɗora wa kamfanoni wani ɓangare na nauyin koyarwa. Inda babu irin wannan tsari, nauyin yana kan matashin da iyayensa, kuma kamfanoni na neman mai gogewar shekara uku a gurbin da a da ake ɗaukar wanda ya fito makaranta.